Shagon Tufafi a Nima: Yadda Hajiya Ta Daina Sayen Shara da Kuɗinta

Shagon ƙarami ne, ɗaki ɗaya da baranda, a wani lungu na unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, kusa da babbar kwatar nan da ta ratsa tsakanin unguwar da Maamobi. Mai shi ƙanwar mahaifiyata ce, kowa Hajiya yake ce mata, ni kuma nake riƙe mata littafin shige da fice. Kaya iri uku take sayarwa: abaya da hijabi sababbi da ake kawowa daga Dubai da Sin, atamfa da shadda da ake yanka a ɗinka a barandar, sai gwanjon mata da yara daga Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra. Gwanjon ne ya fi jawo mata mutane, shi ne kuma ya kusa durƙusar da ita.

Wanda bai san harkar ba sai an yi masa bayanin dila. Tufafin da mutanen Ingila, Amurka, Kanada, Sin da sauransu suka gama da su ake tattarawa, a matse da inji, a naɗe da leda, a ɗaure da ƙarfe. Dila ɗaya takan kai kilo 55. Jirgin ruwa ya sauke a tashar Tema, manyan dillalai su fito da kwantena, ƙananan 'yan kasuwa su saya dila-dila. Ba a buɗewa kafin a biya, ba a mayarwa bayan an buɗe. Cinikin biri a sama ke nan, kuma dubban iyalai a Accra da shi suke ci. Idan aka yanke ƙarfen, sai a ware kayan: zaɓin fari, wanda kamar sabo yake, na biyu, wanda aka sa amma da sauransa, na uku, mai tabo ko yagewa, sai wanda ko kyauta ba mai karɓa. Ribar dila gaba ɗaya a kan zaɓin fari take rataye. In ya yi yawa ka ci, in ya yi kaɗan ka shiga bashi.

Gidauniyar Or, wadda ta daɗe tana aiki a cikin Kantamanto, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ne ke shigowa duk mako, mutum kusan 30,000 ke neman abinci a kasuwar, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na kayan a matsayin shara suke fita. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Ghana ta musanta wannan, ta fitar da nata rahoton a 2024 tana cewa sharar ba ta wuce kashi 5 ba. A ganina ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Akwai rigar da tun buɗe dila ka san ta mutu, akwai kuma wadda lafiyarta ƙalau amma ba mai so: rigar sanyi mai kauri a zafin Accra, ko wando mai faɗin da ba ƙugun da zai riƙe shi. Ta biyun ba shara ba ce ranar da ta iso, amma bayan ta yi makonni a rataye tana cin wuri, buhun da ta farkon ta shiga ita ma shi za ta shiga.

A 2022 ne abin ya kai wa Hajiya iya wuya. Sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi warwas a gaban dala, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a watan Disamba, kuɗin dila ya yi ta hawa, abin da ke cikinta kuma ya yi ta lalacewa. Riguna marasa nauyi, ɗinki sako-sako, yadin roba da wanki biyu ke sauya masa kama. Kamfanonin da ke fitar da sabon yayi duk mako ba don a daɗe ana sawa suke ɗinka su ba, to ina ga wanda ya same su a hannu na biyu. Hajiya ta kwashi adashi ta sayi dila, ta sake kwasa ta sake saya, tana fatan wata za ta rufe ramin wata. Da muka zauna muka bi littafin shafi-shafi, sai ga shi ƙarara: ɗinki da abaya ne ke biyan asarar gwanjo. Sau uku take biya wa kayan da ba sa sayuwa, kuɗin saye, kuɗin dako, sannan kuɗin mai aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da zai kwashe.

Ina yake kai su? Wannan tambayar ce ba mai son yi. Babban jujin Kpone, wanda aka gina da tallafin Bankin Duniya, ya cika tun kafin lokacinsa, ya kama da wuta a watan Agustan 2019. Yawancin abin da ba a kwashe ta hanyar hukuma ba, ko a ƙona shi ko a tura shi kwata. Kwatar Nima tana zuba ne a kogin Odaw, Odaw ya shiga tafkin Korle, Korle ya amayar a teku. Duk wanda ya taka bakin ruwa a Jamestown ya ga tufafi sun nannaɗe juna sun zama dogayen igiyoyi da yashi ya binne rabinsu, masunta kuma suna jawo su a raga. Mu 'yan Nima ma ba sai mun je teku ba. Ruwan sama na awa ɗaya ya isa ya nuna mana abin da muka zuba. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Circle, mutum sama da 150 suka rasu, kuma toshewar magudanan ruwa na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi.

Matakin farko da Hajiya ta ɗauka na tsira da jari ne kawai, ba za a ce don muhalli ta yi ba. Ta daina sayen dila. Laraba da Asabar, ranakun da ake buɗe sababbin kaya, tana idar da sallar asuba sai ta kama turoturo, ƙaramar motar haya, zuwa Kantamanto, ta tsaya a kan masu yanka dila, ta zaɓi abin da ta san matan Zango za su saya: dogayen riguna, siket mai sauka ƙasa, kayan yara. Kowace riga ta fi tsada a haka, amma ba ta dawowa da abin zubarwa. Cikin 'yan watanni ramin littafin ya fara cikewa.

'Yarta ce, wadda ke karatu a Jami'ar Ghana da ke Legon, ta ɓata mata wannan farin cikin. Ta ce, "Mma, ai sharar ba ta ɓace ba. Kin dai bar wa matar da kika saya a wurinta ne." Hajiya ta yi shiru, don ta san matar, ta san 'ya'yanta, ta kuma san bashin da ke kanta. Daga nan ne aikin gaske ya fara, kuma telan shagon, wanda yara ke kira Masta, shi ne ya ɗauki nauyinsa.

Shawarar ita ce a riƙa sayen zaɓi na uku da gangan, a farashi mai sauƙi, amma na auduga kaɗai, a mayar da shi wani abu. Ba sabon tunani ba ne. A cikin Kantamanto kanta akwai teloli, masu rini da masu guga da suka shekara suna wannan aikin, ba wanda ya taɓa ba su lambar yabo. Abin da Masta ya ƙara shi ne sanin abin da unguwarmu ke nema. Babbar rigar namiji mai tabo a wuya takan ba da rigar yarinya 'yar shekara biyar, hannuwan su zama wandon ciki. Zanin gado da ya yage a tsakiya yakan ba da fatari biyu. Wandon jins da gwiwarsa ta mutu, cinyoyinsa jakar makarantar allo ce mai ƙwari, aljihun baya ma ba a cire shi, nan yaro ke sa alƙalami. Fararen da suka dafe a kai wa masu rini su dawo shuɗi mai duhu.

Lakabin da ke wuyan riga sau da yawa ya goge ko an yanke shi, don haka Masta ba ya dogara da shi. Yakan zare zare biyu daga cikin kalmasa, ya kunna ashana ya kusantar. Auduga takan ci wuta da sauri, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa tsakanin yatsu. Yadin roba kuwa sai ya nannaɗe yana gudun wutar, ya narke, ya bar ɗan ƙwallo baƙi mai tauri da warin leda. Na ga ya yi wa Hajiya wannan gwajin da zaren wata abaya mai tsada da ke rataye a shagon. Ta karɓi ɗan ƙwallon ta jujjuya shi a tafin hannu, ta ce, "Ashe man fetur muke sawa muna salla." Gaskiyarta, don daga man fetur ake yin wannan yadin, kuma ba ya ruɓewa kamar auduga, sai dai ya yi ta marmashewa, a ruwan wanki da cikin teku.

Ƙyallayen atamfa da ke zuba ƙarƙashin keke su ma aka daina share su. A nan Hajiya ta kafa doka da ban taɓa gani a wani shagon ɗinki ba: ragowar yadi na mai yadi ne, sai an tambaye ta. Wadda ta ce a ba ta, a ƙulle mata. Wadda ta yafe, a jefa a kwando. Manya a haɗa su a yi rigunan yara masu launi-launi da jakunkuna, ƙanana a cusa a matashin kai. Wannan tambayar kaɗai ta jawo wa shagon suna, domin mata sun daɗe suna zargin teloli da cin yadi.

Sai gyara. Duk abin da aka saya a shagon, in zif ya lalace ko ɗinki ya kwance, a dawo da shi a gyara kyauta. Kayan wani wuri kuma a biya kaɗan. Masta bai so ba da fari, yana ganin gyara aikin masu yawo da keke a ka ne, ba na wanda ya ƙware a yanka ba. Amma wadda ta kawo gyara ba ta cika fita hannu rabbana ba, kuma aikin ya zama makarantar 'yan koyo.

Ba duka ne ya yi nasara ba. Yaƙi da baƙar leda ya faɗi. An ɗinka jakunkunan ƙyalle ana ba masu saye, da roƙon su riƙa dawowa da su; ba mai dawowa da su. Wata dattijuwa ma ta faɗa wa Hajiya cewa baƙar leda rufin asiri ce, ba ta son maƙwabta su san ko gwanjo ta sayo ko sabo. Yanzu sai wanda ya yi sayayya mai yawa ake ba jaka, ita ma mai duhu. Allon da 'yar Hajiya ta rubuta a ƙofa game da kare muhalli kuwa, ba wanda ya taɓa sayen ko ɗankwali saboda shi. Abin da ke sayar da kaya a Nima shi ne a ce maka, "Wannan zai kai wa ƙaninsa."

Duk abin da na lissafa zuwa nan, ko ya rage asara ko ya kawo ciniki. Ɓangaren mutane ne ya ci kuɗi na gaske, kuma a nan nake auna duk mai cewa kasuwancinsa na adalci ne.

A fara da kayayei, wato mata masu dako a ka. 'Yan matan nan yawancinsu daga arewa suke zuwa, ƙasar Dagomba da Mamprusi, da yawa Musulmi 'yan uwanmu, suna kwana a cunkushe a ɗakunan katako na Old Fadama. Su ke ɗaukar dila mai kilo 55 a ka, su ratsa lungunan da amalanke ba ya shiga, wata da goyo a baya. Nauyin nan yana lalata ƙashin wuya da na baya, wani lokaci lahanin ba ya gyaruwa. Ladan kuma sai an yi ta ja-in-ja, kamar ita ce za ta rage wa mai kaya tsadar dala. Daina kiransu ba taimako ba ne, don da dakon suke ci. Abin da Hajiya ta yi shi ne ta tsayar da mutum biyu da take kira kullum, ta raba kaya gida biyu ko da mutum ɗaya zai iya ɗauka, ta biya kowacce cikakken lada ba ciniki. Ta yi musu katin inshorar lafiya na ƙasa, tana sabunta musu duk shekara. Ƙaramar cikinsu ta ce tana son ɗinki, yanzu rabin mako tana baranda. Ranar da ta fara, Hajiya ta ce wa Masta, "Malam, ga 'yarka. Ba kuɗin shiga, ni na ɗauka." Ya ce, "To Hajiya, Allah Ya sa ta riƙe."

Maganar kuɗin shiga ta kawo mu ga 'yan koyo. Al'adar ko'ina a Ghana ita ce iyaye su biya, yaro ya yi shekara kamar uku yana koyo ba albashi, sai ɗan abin cin abinci in maigida ya ga dama. A goman ƙarshe na azumi kuwa, kowa ya san yadda shagunan ɗinki suke: fitila har asuba, yara suna gyangyaɗi a kan keke, masu kaya suna zage-zage a ƙofa. Rabin kayan Sallar Zango hannun waɗanda ba a biya ne ke ɗinka su. Hajiya ta sauya abu biyu. Duk abin da ɗan koyo ya ɗinka aka sayar, yana da kaso a ciki, ana rubutawa a littafi a biya ranar Alhamis ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don kada kuɗin ya bi ta hannun kowa. Sannan ta rufe karɓar ɗinkin Salla daga tsakiyar azumi. Wannan ya jawo mata fushi har a cikin dangi, wasu suka kai kayansu wani wuri ba su dawo ba. Kuɗi ne ta gani ta bari, kuma littafin bai ɓoye hakan ba.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa a 2025 sidi 19.97 ne a yini, abin da duk mai zuwa cefane ya san ba ya riƙe mutum ɗaya a Accra, balle mai iyali. Don haka ba shi ne ma'aunin ba. Ma'aunin da ta ɗauka shi ne ranar tsufa. Ta yi wa Masta rajista da SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, inda mai ba da aiki ke zuba kashi 13 na albashi, ma'aikaci kuma kashi 5.5. Shi kansa ya ƙi da fari. Ya ce, "Hajiya, ki ba ni a hannu, ni na san inda ke yi mini ƙaiƙayi." Ta ce, "Malam, idon nan da kake zura zare da shi ba na dindindin ba ne. Ka tuna maigidanka yadda ya ƙare." Bai sake magana ba. Maigidan nasa tela ne da aka yi yayinsa a Sabon Zango, ya makance, ya ƙare a hannun jama'ar masallaci.

Ta ɓangaren sabon yadi, tafiyar ba ta yi nisa ba. Hajiya ta ƙara yawan atamfar gida, ta GTP da ake bugawa a Tema da ta Akosombo, amma jabun da ake kwaikwayon zanensu a shigo da su ta ɓarauniyar hanya sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma mai aurar da 'ya da za ta fitar da anko aljihunta take dubawa. Tsarin sa kayan gida ranar Juma'a da gwamnatin Kufuor ta ƙaddamar a 2004 ya taimaka wa teloli, sai dai bai hana jabu ba. Fugu saƙar hannu daga Daboya, irin rigar da Nkrumah ya sa daren shelar 'yanci a Maris 1957, sai wanda ya ba da kafin alƙalami ake kawo wa, don jarin da take kamawa ya fi ƙarfin shagon. Abayar roba kuwa tana nan, ita ke biyan haya. Abin da aka iya shi ne rage masu arahar da ke tsagewa kafin Babbar Salla, a kawo kaɗan masu ƙwari.

Daren 1 ga Janairun 2025, wayewar 2 ga wata, gobara ta cinye babban ɓangaren Kantamanto, dubban 'yan kasuwa suka wayi gari ba rumfa ba kaya. Matar da Hajiya ke saye a wurinta tana cikinsu. Da a zamanin dila ne, da jarin Hajiya ma yana cikin tokar, don can take ajiyewa kafin a kwaso. Makonnin da suka biyo baya ba gwanjo, ɗinki da gyara da tarin zaɓi na uku da ke ɗakin baya ne suka riƙe shagon. Hajiya ta biya matar bashin da ke tsakaninsu tun kafin lokacinsa, ta ƙara mata da kuɗin kaya na gaba, da shi ta sayi katakon sake kafa rumfa.

Akwai masu cewa a hana shigo da gwanjo kawai a huta. Ban yarda ba. Ruwanda ta tsawwala haraji a kansa, Amurka ta dakatar mata da gatan shigar da tufafi kasuwarta ba haraji a ƙarƙashin tsarin AGOA a 2018, ta kuma jure. Amma a nan, hanin zai fara faɗawa ne a kan matar Kantamanto da 'yar dako da uwar da ba ta da kuɗin sabo, kuma gurbin ba atamfar Tema ce za ta cike shi ba, sabon yadin roba mai araha ne. Gyaran yana can inda ake ɗinka abin da ya fi ƙarfin buƙata. Faransa tana da doka tun 2007 da ke karɓar kuɗi daga kamfanonin tufafi don kula da kayan bayan an gama da su, sai dai kuɗin a can yake tsayawa, kayan kuma su taho nan. Abin da masu fafutuka a Kantamanto ke nema shi ne kuɗin ya biyo kayan. Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta tattara tsofaffin tufafi daban daga sauran shara tun Janairun 2025, kuma ina tsoron in ba a haɗa da wannan ba, kwantenonin Tema ƙaruwa za su yi.

A shagon, matsalar da ta rage ita ce yankakkun yadin roba. Ba sa shan rini, ba sa daɗin matashi saboda zafi, Hajiya kuma ta hana a ƙona ko a ba wanda ba ta san inda zai kai ba. Buhunansu sun fara cin ɗakin baya. Ga mai gida ya aiko cewa hayar shekara biyu yake so a dunƙule. Masta yana son a sayi keken lantarki na biyu don jakunkunan makaranta sun fara samun masu sari daga Madina, Hajiya kuma tana son duk abin da ya ragu bayan haya a fara yi wa babbar 'yar koyo rajistar SSNIT, tunda ta kusa yaye kuma ta ce za ta zauna. Kuɗin ba zai yi duka biyun ba a bana, kuma sun tsayar cewa za a yanke magana bayan an ga cinikin Salla.